Kafin Ka Sa Baffanninka a Talabijin

Batsari, cikin kaka.

Zuwa ga ɗana Sada,

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare matafiyi da wanda aka bari a gida. Ina gaishe ka, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu yanzu da nake wannan rubutu, har ina jin motsinka kana ɗaure akwati. Allah ya kai ka Kaduna lafiya, ya kare ka daga sharrin hanya, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa. Mahaifiyarka ta ce in sa gaisuwarta, ta kuma ce kada ka ajiye ƙullin yajin nan kusa da fararen kayanka.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Na daɗe a gidan jarida a Zariya ina gyara rubutun mutane, har hannuna ya fi bakina iya magana. Ban da haka, in na zaunar da kai za ka sunkuyar da kai ka ce "To, Baba," kamar yadda aka koya maka, ni kuwa ba "to" nake nema ba. Ina so ka karanta, ka ji haushina in ya kama, sannan ka sake karantawa.

Ka ba ni wasan kwaikwayon da ka rubuta, wanda saboda shi gidan talabijin ya kira ka aiki, ka ce in duba maka ƙugiya da waƙafi. Na duba. Kurakuran kaɗan ne, na yi musu alama da jan biro a gefe. Amma bari in maimaita maka labarin yadda na fahimce shi, domin a aikinmu ba ka da izinin sukar rubutu sai ka iya faɗinsa yadda mai shi zai ce, i, haka nake nufi.

Wani gari ne a zamani mai zuwa, bayan duniya ta gaji da yaƙi da yunwa. A tsakiyar garin akwai inji. Kowane mutum yana da ɗan ƙarfe a bayan kunne, ƙarfen yana kwashe abin da ke zuciyarsa ya kai wa injin, injin ya haɗa na kowa ya dama, ya rarraba daidai. Wanda ɗansa ya mutu ba ya kuka, domin an raba baƙin cikinsa ga jama'ar gari har ya zama kamar ƙwayar gishiri a randa. Wanda aka yi wa haihuwa ma ba ya tsalle. Babu sata, babu hassada, babu mai cewa "ni". Sai ƙarfen wata budurwa ya lalace, ta tuna mahaifiyarta da ta rasu, ta zauna a bakin titi tana kuka, mutane suka kewaye ta suna kallo don ba su san wannan ruwa da ke fita daga ido ba. Aka ce a gyara mata, ta ƙi. A ƙarshe ta fasa injin.

Wannan wurin kukan ya yi kyau, Sada. Na karanta littattafai da yawa, na Turawa da na Larabawa, masu irin wannan tunani na garin da aka gyara har ya wuce gyara, kuma naka bai ji kunya a gabansu ba. Ban saba yabonka ba, don haka ka riƙe wannan.

Damuwata mutum biyu ce a cikin wasan. Mai tsaron injin tsoho ne mai ɗingishi da ƙafar hagu, yana zagaya gari yana tambaya, "Kowa ya ƙoshi?" Daga ƙauyenmu Darini har Safana babu wanda zai ji wannan tambaya bai ce Mamman ba, wana, babban gidanmu. Ka yi shi mugu, mai sanyin murya, wanda ba ya son kowa sai injinsa. Na biyu shi ne mai lambun da aka ƙwace wa lambu, wanda ba ya daina murmushi, yana murza yatsu kamar mai murza zangarniyar gero. Ko yaro ya gani ya san ƙanena ne, Baffanka Ilu.

Ranar kasuwar da ta wuce Yaya Mamman ya biyo ta nan. Ko zama bai gama ba ya ce, "Kai ɗan boko, da gaske yaron nan zai shiga akwati?"

Na ce, "Ba shi zai shiga ba, Yaya, maganarsa ce za ta shiga."

Ya ce, "To ai gara. Da siraran ƙafafun nan nasa, in ya shiga sai a ce ba ma ba shi abinci."

Ya faɗa mini ya kai wa tela yadi. Ya ce ranar da za a nuna wasan a akwatin talabijin da hukuma ta ajiye a dandalin Batsari, Ilu zai goyo shi a keke tun la'asar, kafin a tayar da janareta. "A gaba zan zauna. Duk wanda ya tare mini, in ce kai, gusa, ɗanmu ne ya rubuta."

To ka ga abin da ke gabanmu. Tsohon nan zai zauna a gaba cikin sabuwar riga, gari duka a bayansa, ya ga kansa a matsayin mugu, ƙanensa kuma yana gefensa a matsayin wanda aka kashe da rai. Na san dalilinka. Kana kwaleji a shekarar babban farin nan, ka dawo ka ji rabin labari daga bakin matasa, ka riƙe shi. Ni ina wurin. Bari in ba ka sauran.

Gidanmu gidan gandu ne tun kakanni. Gona ɗaya babba, kowa ya yi mata aiki daga safe zuwa azahar a ƙarƙashin babban gida, a ci daga rumbu ɗaya. Bayan haka kowane namiji yana da gayaunarsa, 'yar gonar da abin da ya fito cikinta nasa ne, ko ya ci, ko ya sayar, ko ya bar wa tsuntsu, babu mai tambayarsa. Gandun nan ne ya riƙe ni ina makaranta. Kunyar da ya kamata in nome, Yaya ne ya riƙa nome ta a kan tasa, ƙafar nan tasa kuwa a gonar gandu kututture ya lalata ta.

Ilu tun yana saurayi ba shi da wani buri sai gayaunarsa. A shekarar da aka sauke tutar Turawa, muna Zariya muna buga jarida har tawada ta yi mana ƙaranci, shi yana Tsaskiya yana lallashin wani Bafulatani da ya dawo daga arewa da 'yan zangarniyoyin wani gero gajere mai gashi. Ya samu, ya shuka. Kowace kaka sai ya bi gayaunar kan gero bayan kan gero, ya zaɓi waɗanda suka riga nuna, ya ɗaure su daban, ya rataye a ɗakinsa da toka saboda ƙwari. Shekara ta zagayo ya shuka su, ya sake zaɓa. Ana yi masa dariya. Matarsa tana cewa ita dai ta san da gero aka haɗa ta zama, ba da miji ba. A hankali ya samu geron da yake nuna tun na gandu bai gama fitar da kai ba, tsuntsu kuma ba ya son gashinsa. Ba ya sayarwa, ba ya bayarwa. Yakan ce bai gama ba tukuna.

Da farin ya zo, ruwa ya ɗauke tun gero yana ciki. Gandu ya bushe a tsaye. Gayaunar Ilu ce kaɗai ta ba da abin kirki, domin ta riga ta nuna. Yaya ya ce a haɗa komai a rumbu ɗaya, na gandu da na gayauna, a riƙa auna wa kowane ɗaki gwargwadon bakunan da ke cikinsa. Ilu bai yi musu ba. Da kansa ya ɗauko dammunansa ya zuba. Irin shuka kawai ya riƙe, wanda ke rataye a ɗakinsa.

Da bazara ta tsananta aka aiko mini. Na zo da buhun masara, abin da na iya samu, bai kuwa daɗe ba. Na tarar an sayar da awaki, mata sun fitar da kwanukan ɗakinsu, kowa ya ba da irin da ya ajiye an daka. A maƙwabta an fara binne yara. Hatsin agaji ana ta cewa yana hanya. Yaya ya tara mu a zaure ya ce, "Ilu, kawo irin nan."

Ilu ya ce, "Yaya, a bar mini shi."

"Yara ba su ci ba tun jiya."

"To a ɗauka, a bar mini zangarniya kaɗan. Abin da hannu ɗaya zai riƙe."

A nan na sa baki. Na tashi na yi jawabi irin na shafin edita. Na yi maganar haƙƙin mutum a kan guminsa, na yi maganar ci gaba, har na kawo misalin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Yaya ya bari na gama, ya ce, "Haƙƙin nan naka, ana dama kunu da shi?" Aka yi 'yar dariyar masu yunwa, maganar ta mutu. Da na ce, Yaya, ka dubi Allah ka bar wa ƙanenka abin shuka, wataƙila da ya ji, wataƙila da bai ji ba. Amma na zo da yaren da ya mai da abin gardama tsakanin boko da gida, a irin wannan gardama kuwa ba zai iya ja da baya a gaban mutanensa ba. Ka riƙe wannan, domin za ka shiga ofisoshin da ake ado da manyan kalmomi: in kana roƙa wa wani abu, ka roƙa da harshen wanda kake roƙo, ba da harshen da zai sa a ce ka iya magana ba.

Sai Yaya ya juya ga Ilu ya faɗi dalilinsa, kuma ina so ka ji shi da kyau, don ba ya cikin wasanka. Ya ce, "In na bar maka zangarniya ɗaya yau, gobe kowa a gidan nan zai tuna yana da zangarniya ɗaya da ya kamata ya ɓoye. Daga ranar babu rumbu, sai ɗakuna masu ƙofa a rufe. Ni ba zan iya raba yunwa ba sai kowa ya san babu abin da ya rage a bayan kowa."

Har yau ban san ko daidai ne ba. Na juya shi ta kowane gefe. Abin da hannu ɗaya zai riƙe ba zai ceci kowa ba, amma na ga gidajen da aka fara ɓoye-ɓoye, na kuma ga yadda suka ƙare. Abin da na sani shi ne irin nan ya riƙe yara har motar agaji ta iso, kuma ba a fitar da gawa ko ɗaya daga gidanmu ba. Cikin waɗanda suka sha kunun akwai Hauwa 'yar Ilu, wadda ka raka ɗakin mijinta bara. Tambayar nan da ka mayar abin tsoro, "Kowa ya ƙoshi?", a lokacin ta samo asali. Yaya ne ke bin ɗakuna yana yin ta, shi kuwa rabonsa yake turawa gaban yara.

Saboda haka in za ka rubuta mai tsaron inji, ka rubuta mutumin da ya ga yara suna kumbura. Ka ba shi hujjarsa cikakkiya, har mai kallo ya ji tsoron cewa shi ma da haka zai yi. Mugu mai sanyin murya kowa ya iya ƙinsa, a tashi daga dandali babu wanda ya koyi komai.

Amma kana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba a wurin da kake zato ba. Ba ɗaukar irin ne ya lalata abin ba. Ranar da aka dama kunun, Ilu ya koma gindin katanga shi kaɗai, bai karɓi ƙwarya ba, bai ce wa kowa komai ba. Da an bar shi. Mutum ne da aka daka aikin ƙuruciyarsa a turmi, yana da damar ya zauna a gindin katanga. Sai Yaya ya kira shi a gaban kowa ya miƙa masa ƙwarya ya ce, "Sha. Ka kuma saki fuskar nan, yara suna kallonka. Gidan nan kowa ya yarda, kowa yana farin ciki." Ilu ya dube shi, ya karɓa, ya sha, ya yi murmushi.

Ni kuwa da na ga murmushin sai na ji sanyi a raina. Na ce an shirya. Na koma Zariya ina ba abokan aiki labarin haɗin kan gidanmu. Sai da na yi ritaya na dawo kusa na lura cewa murmushin nan bai sauka ba tun ranar. Da shi yake zuwa suna, da shi yake zuwa jana'iza. Bai sake neman gayauna ba. Ana ba shi ya ce a haɗa da gandu. Mutumin da ya yi aikin jarida ya kamata ya san cewa inda aka daina magana ba nan labari ya ƙare ba. Don haka ga abin da na koya, a makare: jama'a tana iya neman hatsin mutum in rai yana cikin haɗari, har ta karɓa yana ƙi. Amma ba ta da iko ta ce ya ji daɗi. A bar masa ɓacin ransa, nasa ne. Kai ma wata rana za ka zama babba a wani ofis ko wani gida, za ka yanke hukuncin da zai cuci wani don sauran su tsira. Ka yanke in ya zama dole. Kada ka bi shi kana neman ya gode maka.

Yanzu sauran abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya na je Darini. Na tarar da Ilu a gona yana ɗaurin dami. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyarka, ya tambayi ranar tafiyarka. Na zauna a kan dami na ba shi labarin wasan, ban ce da wani nake nufi ba. Ya ji daɗin maganar ƙarfen kunne, ya ce a samo wa matarsa guda biyu. Da na zo kan mai lambu sai hannunsa ya tsaya a kan igiya.

Ya ce, "Wannan ni ne."

Na ce, "Kai ne."

"Kowa zai gani?"

"Duk inda akwatin yake."

Sai ya ce, "Yaron ya tambaye ni?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Yaya dai ya tambaya. Ya tambaya, na ce a'a, ya ɗauka. Shi wannan ko tambayar bai yi ba." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Abin da ya rage mini na geron nan shi ne abin da nake ji in na tuna shi. Shi ma za a kai dandali a raba wa mutane?"

Na tambaye shi ko har yanzu yana jin haushin Yaya. Ya ce, "Hauwa ga ta nan da goyo. Haushin wa zan ji? Amma geron nawa ne."

Na san niyyarka, Sada. Kana so ka rama masa. Kana ganin in dubban mutane suka ga abin da aka yi masa, za su amfana, su daina yi wa wasu. Wataƙila haka ne. Yaya ma don amfanin mutane da yawa ya miƙa hannu ɗakin Ilu. Aikin da za ka shiga, kamar wanda na fito, yana rayuwa ne da ɗaukar abin da ke zuciyar mutum ɗaya a watsa wa jama'a, kuma kullum akwai kyakkyawan dalili. Yanzu da kuɗin mai ya sa ana kafa akwatunan nan gari-gari, abin da ka ɗauka zai kai inda jaridarmu ba ta taɓa kaiwa ba. Mu in mun ɓata mutum muna buga gyara a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, ko shi ba ya wanke kowa. Kai ko wannan ba ka da shi. Abin da aka gani an gani.

Da zan tashi Ilu ya rako ni bakin hanya. Ya ce, "Ka ce masa ya zo. Ban ce zan yarda ba. Ya zo dai." Ya faɗi haka fuskarsa a ɗaure, babu murmushi ko kaɗan. Rabona da in ga fuskar ƙanena haka tun kafin farin, kuma ban san na yi kewarta ba sai da na gan ta.

Ba zan umarce ka ba. Wasan naka ne, kai ka yi wahalarsa, in na sa ka canza shi da ƙarfin uba na san abin da na zama. Shawara ce. Motarka sai Asabar, Darini kuwa ba nisa. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka karanta masa wurin mai lambu da bakinka, ka yi shiru ka saurara. In ya ce a'a, ka cire, kada ka tsaya yi masa bayanin amfanin jama'a. Kana da kan da zai ƙirƙiro gari guda da injinsa, ba zai kasa ƙirƙiro wani mutum ba. Daga nan ka shiga wurin Baffanka Mamman. Ko ka sauke wa mai tsaron injin ɗingishin da tambayar, ko ka bar su ka ba shi zuciyar da ta dace da su, amma ko wanne ka zaɓa, ya ji daga bakinka kafin ya ji daga akwati. Zai yi faɗa. Ka tsaya ka sha faɗan, ya fi sauƙi a zaure da a dandali.

Ni ban faɗa masa komai ba, ba kuma zan faɗa ba. Duk yadda ka yi, ranar zan je, in shimfiɗa tabarma a gaba, in zauna tsakanin wana da ƙanena. In abin kunya ne mu sha tare, in na alheri ne mu gani tare. Abin da zai fito a gabanmu yana hannunka.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko ana tsakiyar ɗaukar wasa. Ka rubuto wa mahaifiyarka, ba za ta ce ka rubuto ba amma za ta riƙa sauraren motar wasiƙa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa alƙalaminka ya zama sanyi ga mutane, ya hana ka cutar wanda kake so da sunan taimakonsa. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya tarar da mu cikin rufin asiri.

Na yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, kai ma ka yafe mini.

Mahaifinka,
Abdu